Karaya Biyu, Ɗori Ɗaya

Duk wanda ya biyo hanyar Sakkwato zuwa Jega a kakar albasa, hancinsa zai gaya masa ya iso Aliero tun kafin idonsa ya ga allo. Buhuna jibge a bakin titi, 'yan dako na kai da kawo, manyan motoci na lodi zuwa Legas da Anaca. Bayan albasa, garin ya yi suna da ɗori, domin daga nesa ake ɗauko masu karaya a kawo su hannun masu sana'ar da suka gaje ta kaka da kakanni. A 2006 kuma aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, sai matasa masu jakar goyo suka ƙaru a kan manoma da masu jinya.

An ce an yi wani manomi a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, mutum mai rufin asiri, wanda albasar rani ta kai shi Makka. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban yana tare da shi a fadama, shi ke ban ruwa, shi ke ɗora buhu a babur ya kai kasuwa. Autan kuwa Allah Ya ba shi kan karatu, ya zama na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Ranar da sunansa ya fito, Alhaji ya yanka rago. Tun daga ranar sunan yanka na yaron ya ɓace a ƙauyen, kowa Injiniya yake kiransa. Injin ban ruwa ya lalace, a ce a bari Injiniya ya zo hutu. Gwaggo ta ga rufin ɗakinta na yoyo, ta ce saura ƙiris Injiniya ya gama. Yaro bai cika shekara ashirin ba, amma an riga an rabe albashinsa na farko gida bakwai.

Shekara biyu abin ya tafi daidai. A ta uku aka kafe sakamako a allo, ya duba lambarsa ya ga kwas biyu sun kayar da shi. Ga kuɗin rajista an biya da albasar da aka sayar a lokacin da kasuwa ta faɗi, ya kuma san buhu nawa ta ci. Ya kasa faɗa a gida. Duk sanda Alhaji ya buga waya ya ce, "Injiniya, ƙaƙa karatu?" sai ya ce, "Lahiya lau, Baba."

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya kan kwanta tare da abokan ɗakinsa, idonsa biyu har a kira assalatu. Ya buɗe littafi, ya karanta layi ɗaya sau goma, babu abin da ya zauna. Ƙwallon yamma da ba ya wuce shi ya daina zuwa. Shinkafa da wake da ake haɗa kuɗi a dafa a ɗaki, sai ya yi loma biyu ya tsame hannu. Lakca ta fara wuce shi, kuma duk wadda ta wuce sai ta ƙara masa nauyin zuwa ta gaba. Mako ya zama wata, wata ya zama zango. Masana sun ce kusan kashi uku cikin huɗu na larurorin ƙwaƙwalwa suna fara bayyana ne kafin mutum ya kai shekara 25, wato daidai shekarun da muke tura 'ya'yanmu makarantun gaba da sakandare, nesa da idon uwa. Amma babu wanda ya taɓa gaya wa auta haka. Shi dai abin da ya sani, ya zama rago kuma butulu.

Da ya zo hutu ya yi ta maza. Bayan sallar isha'i ya sami mahaifinsa a zaure, ya durƙusa, ya daɗe yana murza gefen tabarma, sannan ya ce, "Baba, ni hwa ba ni jin daɗin raina. Komi ya hita kaina. Ko barci ba ni iyawa."

Alhaji ya dalle shi da tocila, ya dube shi sama da ƙasa. "Mi ka rasa? Ci ko sha? Ƙafa biyu gare ka, hannu biyu. Wanka na can cikin rana tun asuba don kai ka zauna inuwa ka riƙe biro. Mu da munka tashi ba takalmi, wa ya ji munka ce ranmu ba daɗi? Kai namiji ne. Tashi ka yi tawakkali, kar in sake jin wagga magana."

Bai sake jin ta ba kuwa. Ai an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yaro ya haɗiye abinsa.

Sauran dangi kowa ya kawo nasa fassarar. Inna ta ce jifa ne, maƙiya sun ga ɗanta zai zama wani abu, ta aika a yo rubutu. Kawu ya ce iska ce ya gamu da ita a hanyar fadama. Wani maƙwabci ya rage murya ya ce a bincika, yaran jami'a ƙwaya suke sha. Wani mai wa'azin majalisa kuma ya yanke hukunci cewa mumini ba ya shiga damuwa, raunin imani ne kawai. Wannan na ƙarshen ya fi kowa yi wa yaron illa, domin ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu, ga ƙunci ga zargin kai a gaban Ubangiji. Da mai wa'azin ya nutsu, da ya tuna cewa Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya taɓa har ganinsa, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Da ya tuna cewa a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, akwai shekarar da malaman sira ke kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma nuna cewa na biyun yana da alaƙa da jiki, yana buƙatar magani. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne a wurin magabata.

Auta ya koma makaranta. Wata rana ya ɗauki kalkuletarsa ya ba abokin ɗakinsa kyauta, ya ba wani takalmin ƙwallonsa. Da dare ya rubuta a WhatsApp cewa duk wanda ya yi wa laifi ya yafe masa, shi ya zama kaya a wuyan kowa. Abokai suka gani. Ɗaya ya tura masa hoton dariya, ɗaya ya ce budurwa ce ta yi masa wulaƙanci, ɗaya ya ce yana da abin da zai ba shi ya sha ya manta duniya. Babu wanda ya taso daga katifarsa ya zo ya zauna kusa da shi.

Ana cikin haka sai Allah Ya kawo tsautsayi ta wata ƙofar. Babban wa ya ɗauko buhu biyu a babur, wata mota ta matse shi kusa da Jega, ya faɗi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Kafin la'asar labari ya zaga ƙauye. Aka yi shatar mota. Alhaji ya bar ban ruwa a tsakiya, Inna ta fito ko mayafi ba ta daidaita ba, kawu ya ranto kuɗi. Kafin magariba suna ƙofar wani tsohon mai ɗori a Aliero.

Tsohon ya sa aka shimfiɗe majinyacin a tabarma. Ya yi bisimilla, ya bi ƙafar da yatsunsa a hankali tun daga gwiwa, yana kallon fuskar mai ciwon maimakon ƙafar, har ya iso inda saurayin ya ƙwalla ƙara. Ya sa ƙarti biyu suka riƙe, ɗaya a cinya ɗaya a dunduniya, suka ja, shi kuma ya mayar da ƙashi mazauninsa da tafin hannu. Ya shafa magani, ya jera karare kewaye da ƙwaurin, ya naɗe da tsumma ya ɗaure, ba tamau ba kuma ba sako-sako ba, ya tofa addu'a. Sannan ya kafa doka: ƙafar nan ba za ta taɓa ƙasa ba sai ya ba da izini, ko da mako nawa za a ɗauka.

Ƙaton saurayi ya yi kuka da hawaye a gaban jama'a, ba wanda ya ce masa kai namiji ne. Ba wanda ya tambayi ko yana sallar asuba a kan lokaci. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da fura da farfesun kaza, kowa na cewa sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Da yake auta a garin yake karatu, sai aka ɗora masa jinya, shi ke kwana da wansa, shi ke kai fo.

Mai ɗori tsoho ne mai ƙarancin barci, ya kan zaga majinyatansa cikin dare. Dare uku a jere yana tarar da mai karaya na minshari, mai jinya kuwa na zaune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Ya lura wandon yaron da igiya aka ɗaure shi. Ya lura kwanon da aka zuba masa tuwo yana komawa kamar yadda ya zo. Labarin zuciya a tambayi fuska. A dare na huɗu ya jawo buzunsa ya zauna kusa da shi, bai yi wa'azi ba, bai ba da labarin wahalar da shi ya sha a ƙuruciya ba. Ya ce, "Ɗana, tun yaushe rabonka da barci?"

Yaro ya yi shiru, sannan ya fara magana, kamar an fasa madatsa. Tsoho bai katse shi ba. Da ya lafa, sai ya yi masa tambayar da duk dangi da abokai suka kauce mata: "Hwaɗa min gaskiya, tsakaninka da Allah. Ka taɓa tunanin kashe kanka?"

Yaro ya ce, "Kullum, Baba."

Da yawa daga cikinmu muna tsoron wannan tambaya, muna ganin kamar ita za ta sa wa mutum tunanin a rai. Binciken likitoci ya nuna ba haka ba ne. Wanda ba ya tunanin, tambaya ba ta dasa masa shi, wanda kuma yake yi, sau da yawa ita ce ke ba shi ƙofar fitar da abin da ya toshe masa ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma a alƙalumanta na 2021 ita ce ta uku wajen ɗaukar rayukan masu shekara 15 zuwa 29. Da yawansu sun nuna alama kafin su tafi. Masu ganin alamar ne suka yi dariya, ko suka yi faɗa, ko suka kau da kai.

Tsoho bai bar yaron shi kaɗai ba har gari ya waye. Da hantsi Alhaji ya iso da ƙullin goro. Bayan gaisuwa mai ɗori ya ce, "Alhaji, na yanke shawara. Yau zan kwance ɗorin wanga yaro, gobe shi koma dakon albasa."

Alhaji ya zabura. "Haba Baba! Kwana huɗu? Ƙashin ko kamawa bai yi ba!"

"To mi ya rasa? Ci ko sha? Ga fura ga kaza. Mu da munka tashi ba takalmi, wa ya ji munka kwanta? Namiji ne, shi tashi shi yi tawakkali."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji kalmomin sun yi masa kama da waɗanda ya sani. Ya waiga. Auta na rakuɓe a jikin bango, kansa a ƙasa.

Tsoho ya ce, "Ɗiya biyu ka kawo min masu karaya, ka biya kuɗin guda. Wancan da ke kwance, in Allah Ya so, da ƙafarsa za shi koma gida. Wanga na tsaye shi nike ji ma tsoro. Kuma nashi ɗorin ba aikina ba ne. Ni ko a ƙashi, in na ga abin ya hi ƙarhina, asibiti nike cewa a tahi. Ka kai shi ga likitocin ƙwaƙwalwa, ko Birnin Kebbi ko Kware."

Jin sunan Kware sai Alhaji ya ɓata rai. Kowa a wannan yanki ya san asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can gaba da Sakkwato, kuma sunan garin kansa ya zama abin tsokana a bakin yara. "Ɗana mahaukaci ne? In anka ji, wa za shi auri 'yan'uwansa mata? Gara in kai shi gidan mari a tsare min shi, ko mu rufa ma kanmu asiri, kar hukuma ta ji."

Tsoron hukumar ba daga sama ya faɗo masa ba. Kundin Final Kot da Arewa ke aiki da shi tun 1960, a sashe na 231, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kamar yadda sashe na 327 na kundin Kudu ya yi. Dokar da aka gada daga Turawan mulki ce, kuma amfaninta ɗaya, ta koya wa iyalai ɓoye mara lafiya. Ghana ta soke irinta a 2023. Gidan mari kuwa, wanda ya ga hotunan waɗanda aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, ya san abin da ake kira tsarewa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larura majinyaci ne mai haƙƙi. Sai dai doka a takarda ba ta kai kanta zauren Alhaji.

Tsoho ya ce, "Kunyar a ce ɗanka ya ga likita, da zaman makoki, wanne ka zaɓa? Abu uku nike so ka yi tun yau. Kar a bar shi shi kaɗai, dare ko rana. Magungunan feshin da ke ɗakin ajiyarka, ka sa musu kwaɗo, makulli a aljihunka. Sannan ka kira shi da sunan da ka raɗa mai ran suna, ka gaya mai ko da digiri ko ba digiri ɗanka ne."

Maganar kwaɗon ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar manoma. Tunanin kashe kai yakan taso ne kamar guguwa, ya yi ƙarfi na ɗan lokaci ya lafa, kuma idan abin cutarwa ba ya kusa da hannu a wannan lokacin, sau da yawa rai ya tsira. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafiya haɗari, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara ashirin bayan 1995, noma kuma bai durƙushe ba.

A nan masu ba da labarin suka rabu biyu. Wasu sun ce washegari Alhaji ya sa ɗansa a mota, suka bi ta Tambuwal da Boɗinga zuwa Kware. Likita ya saurari yaron, ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ciwon da ake ganewa idan ƙunci da fitar sha'awar komai suka wuce mako biyu suna hana mutum harkokinsa, kuma ana warkewa. Ya ba da magani, ya yi gargaɗin cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi, sai an ƙara watanni. Ya sa ranakun dawowa don zaman tattaunawa. Alhaji da kansa ya je makaranta aka jingine wa yaron karatu na shekara guda. Inna ta ci gaba da addu'arta, ita ce kuma mai tuna masa lokacin shan magani. Ya gama bayan abokansa sun gama, da sakamako mai matsakaicin daraja, yana nan da ransa.

Wasu kuma sun ce Alhaji ya ce to, Allah Ya kai mu, bari dai a kwashe albasa tukuna. Wannan ruwayar ba zan ƙarasa ta ba. Akwai gidaje a ƙasar nan da suka san ƙarshenta, suna kuma gaya wa masu ta'aziyya cewa gajeriyar rashin lafiya ce.

Ni dai labarin manomin albasa na bayar. Ban ce komai ba game da shugaban makarantar da zai kashe miliyoyi a ƙawata ƙofar shiga, alhali ofishin ba ɗalibai shawara na kulle, ƙura ta rufe kwaɗon. Ban ambaci malamin da ke shiga aji ranar farko ya yi alfahari da cewa rabin ajin za su faɗi ba, ko wanda ɗalibi zai ɓace masa wata guda bai tambayi ko lafiya ba. Ban taɓo masu mulkin da suka bar ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da likitocin ƙwaƙwalwa da ba su kai 300 ba, ko waɗanda suka zuba ido yajin aikin 2022 ya cinye wa ɗalibai wata takwas suna zaune a gida. Ban kuma ce laifi ne a ce ba kuɗi ba. Na dai ji cewa a Zimbabuwe, tun 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, suna tura masu tsanani gaba, aka kuma gwada aka ga yana aiki. Benci da kunne ba su fi ƙarfin kowace jami'a ko kwaleji ba, daga Aliero har Jega, kuma ba mu rasa limamai da shugabannin ɗalibai da ma'aikatan jinya da za a koya wa abin da tsohon nan ya yi a dare ɗaya. Wanda ya ji kamar da shi ake, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kai kuwa da ka karanta ka ga kanka a wurin auta, ko ke da kika ga kanki, abin da ke damun ku ciwo ne, yana da magani, kuma faɗuwa jarrabawa ba ta kai farashin rai ba. Idan wanda kuka fara gaya wa ya yi muku faɗa, ku gaya wa na biyu. Ku je asibitin makaranta ko babban asibiti mafi kusa, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ke ranku da sunansa, yau ɗin nan, ku kuma nemi wani ya raka ku.